Wanda Inna Ta Bari a Sudan

Na yi dako a unguwar Kudai ta Makka, na tuƙa motar alhazai cikin zafin Mina, amma ban taɓa aikin da ya wahalar da ni kamar tafinta tsakanin mahaifiyata da 'yata ba.

Yarinyar ce ta jawo. Tarihi take karantawa a jami'a, sai ta dawo gida da labarin wasu mutanen Meziko na zamanin da Turawan Sifen suka ci ƙasar. Ruwa biyu ne, jinin Turawa da na Aztek. Wai bayan an ƙone littattafan kakanninsu, su ne suka bi tsofaffi suna tambaya da harshensu na Nahuwatal, suna rubuta sarakuna da yaƙe-yaƙe da waƙoƙi.

Na ce, "To ni ina ruwana da Meziko?"

Da Larabci ta amsa, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. "Abuya, a gidan nan kai ne ruwa biyun. Sitti, kakata, Hausa kawai take ji. In ta tafi, wa zai gaya mini yadda muka zo Makka? Amma kar ka gyara magana. Wasu daga mutanen Mezikon sun riƙa tausasa labari saboda malaman coci."

Bayan la'asar muka zauna a falonmu na unguwar Shisha, wayarta na ɗaukar murya. Inna ta fara: fitowa daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, Cadi, tsinkar auduga a Sudan. Duk na sha ji. Ina juyawa zuwa Larabci ina hamma.

Sai yarinyar ta ce in tambayi Inna su wa da wa suka fito.

Inna ta ce, "Ni, da babanku, da yayanka."

Na ce, "Wane yaya, Inna? Ai ni ne ɗan fari."

"Ɗan fari a Makka dai."

Ta kurɓi shayi. Ta ce ƙyanda ce ta kama shi a wani ƙauye, ayari kuma zai tashi. Suka bar shi hannun wata mata 'yar Kano, da niyyar ɗaukarsa in an sauko daga Arfa. Ba su koma ba.

"Ya rasu?"

"Ina zan sani, ɗan nan? Ba wanda ya taɓa tambayata."

Na haura hamsin ina cin tuwon matar nan, ban san wannan ba. Yarinyar tana jan hannun rigata, "Abuya, me ta ce? Me ta ce?" Na tashi na tafi masallaci tun ba a kira magariba ba.

Da safe ban fita da mota ba. Na ce yarinyar ta kunna wayarta, na juya mata maganar kaf, ban rage komai ba. Sannan na durƙusa gaban Inna na ce ta faɗa mini sunan ƙauyen.