Kuɗin Gidan Tsohon Tela

Gidan da nake ciki a Zurmi, a hannun wani tsohon tela na saye shi. A lokacin ina koyarwa a makarantar firamare, ina haya a ɗaki biyu da matata da yara, ban kuma taɓa sa rai malamin makaranta irina zai mallaki gida a cikin gari ba. Tsohon nan shi ke ɗinka wa yaran makarantarmu kaya tun kafin a turo ni garin. Da matarsa ta rasu, idonsa kuma ya yi rauni har ba ya iya zura zare a allura, sai ɗiyarsa da ke aure a Kaura Namoda ta matsa masa ya koma wurinta. Ita kaɗai ta rage masa. Dole ya sayar da gidan.

Masu hali sun taya, ya ƙi. Ya ce ba ya son kuɗi a dunƙule, yana son mutumin da albashi ke shigo masa, wanda zai riƙa kawo masa wani abu duk ƙarshen wata har kuɗin su cika. Da haka ya aiko aka kira ni. Muka zauna gaban mai unguwa da liman aka yanke farashi, aka raba shi a kan shekaru masu yawa, babu ƙarin ko kwabo. Ranar da ya miƙa mini makulli, ya zagaya da ni ya nuna mini inda katanga ke jiƙewa da damina, da inda matarsa ke ɗaure awakinta.

Shekarar farko na bi ƙa'ida. Albashi na shigowa zan hau mota in tafi Kaura in kai masa, mu ci tuwo, mu yi hira, in dawo kafin magariba. Abin da nake ba shi kan sayi buhun hatsi har da canji, don haka a gidan surukinsa ba a yi masa kallon wanda ya zo cin arziki.

Sai wani abokin aikina ya rasu ba zato. A wurin jana'iza liman ya tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi, mutane suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanensa na tsaye ya rasa inda zai sa fuskarsa. Na dawo gida na faɗa wa matata. Ta ce ita dama ba ta taɓa jin gidan nan namu ne ba, tunda ko ƙusa za ta buga a bango sai ta tuna ba a gama biya ba. A ranar muka shirya za mu riƙa ƙara wani abu a kan na kowane wata, mu gama da wuri.

Ita ta ɗauki nauyin mafi yawa. Ta koma matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, ta shiga adashe, ta sayi ƙananan raguna tana kiwo a ɗakin awakin nan. Ni kuma na jingine babur na koma zuwa makaranta a ƙasa. Nama ya bar tukunyarmu sai ranar Juma'a, daga baya ma Juma'ar ta daina ganinsa.

Ranar da na fara kai masa da ƙari, ya kai kuɗin dab da idonsa ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce na yi kuskure, sun yi yawa. Na yi masa bayani. Ya juya takardun a hannu.

"Malam, gaggawar me kake yi?" in ji shi. "Ni dai ban kore ka ba."

Na ɗauka kara ce irin ta manya. Na yi dariya na ce sauƙi nake nema mana gaba ɗaya.

Daga nan al'amura suka lalace, 'yan bindiga suka cika dazukanmu. Ƙauyenmu da ke gefen Moriki ya zama ba a kwana da ido biyu rufe, gonakin nesa suka gagari kowa. Hanyar Zurmi zuwa Kaura, wadda nake bi ina gyangyaɗi, ta zama sai an tambayi direbobin da suka fito kafin a shiga. Na koma aika masa kuɗin ta hannun wani direba da na yarda da shi. Kaya kuma suka yi ta tashi. Abin da ke sayen buhu ya koma sayen 'yan tiyoyi, ina nufin kwanon awonmu, na kuwa sani sarai don albashina ma haka ya zama. Wannan ya ƙara mini ƙaimi. Na riƙa gaya wa kaina cewa gara ya karɓi haƙƙinsa yau da sauran daraja, da ya karɓa baɗi ya zama takarda.

Wata damina mahaifiyata da ƙannena biyu da iyalansu suka iso gidan da ƙullin kaya a ka. Babu wanda ya tambaye ni, ni ma ban tambayi kowa ba, aka shimfiɗa tabarmi a ko'ina har zaure. Ba a jima ba aka shiga bayan gari aka kore dabbobin wasu maƙwabtanmu. Matata ta ce ragunan nan in ba mu sayar ba, za a sayar mana. Wani dillali ya kai su kasuwar Shinkafi, ya dawo da kuɗin, a watan kuma ta kwashi adashe. Da muka haɗa sai muka ga ya kai abin da ya rage a kanmu.

Kuɗi irin wannan ba ya ɓoyuwa a unguwa. Dillali ya sani, 'yan adashe sun sani, ba ka kuma san bakin da zai kai labari daji ba. Na zuba su a asusun da albashina ke shiga, na bi ayarin motocin safe zuwa Kaura, na cire su a can.

Na same shi a ƙofar gida bisa buzu, surukinsa na gefe. Surukin direba ne, amma motarsa ta daɗe a kafe, inji ya buga. Bayan gaisuwa na ajiye kuɗin a gabansa na ce, "Baba, Allah Ya nufa. Cikon ke nan." Bai taɓa su ba.

"Malam, ka mayar da su," ya ce. "Ka ci gaba da kawo mini kaɗan-kaɗan yadda muka saba. In suna wurinka nawa ne. In suka kwana gidan nan sun zama na kowa."

A gaban surukin ya faɗi haka. Mutumin ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Ni kuma na gaya wa tsohon gaskiya. Na ce gidana ya cika da bakunan da ban san yadda zan ciyar ba, in kuɗin nan suka koma tare da ni hatsi za su zama kafin kaka, daga nan ba ni da raguna, ba ni da abin ba shi. Can ya ce wa surukin ya kira maƙwabci ya shaida. Aka ƙirga, ya ce ya karɓa, ya sa mini albarka, ya yi wa gidan addu'a. Muryarsa ba ta canja ba, amma ko ruwan da aka kawo mana bai sha ba.

Da na dawo matata ta dafa shinkafa da wake ta raba har maƙwabta. Na ci, na yi godiya ga Allah, sai dai daɗin da na yi shekaru ina jira bai zo ba.

Abin da ya biyo baya a bakin direbobi na ji. Da yardar tsohon aka gyara motar surukin, don ita ce abincin gidan. Ta yi 'yan watanni tana aiki. Wata rana a hanyar Shinkafi aka tare su, aka ƙone motar, surukin ya tsira da ƙyar da rauni a ƙafa. Babu wanda ya ci amanar wani a cikin wannan magana, kuɗin dai sun tafi.

Na biya ta wurinsu wata tafiya da aiki ya kai ni Gusau, na riƙa masa 'yan tiyoyin gero. Ya rame ƙwarai, keken ɗinkinsa ma da ya ƙi rabuwa da shi an sayar. Na zaci zai yi maganar kuɗi, na ma shirya abin da zan ce. Sai ya jira ɗiyarsa ta shiga ciki, ya matso kusa da ni ya ce yana so ya koma Zurmi. Ya ce in ya tafi an rage wa yarinyar nan baki ɗaya, kuma yana son in ta Allah ta kasance a sa shi kusa da matarsa.

"Ko zaure ne, Malam. Ba ni da kaya."

A zauren nan ƙanena ke kwana da 'ya'yansa maza. Na ce masa zan duba.

Matata ba ta yi musu ba. Ta ce ɗakin raguna ai babu kowa a ciki. Muka kwashe taki, ƙannena suka kwaɓa ƙasa suka yi yaɓe, muka toshe inda kwano ke yoyo da leda da duwatsu. Na kira ɗiyarsa na faɗa mata ɗaki ya samu. Ta yi godiya sosai, sannan ta ce ba za ta sa makahon tsoho a wannan hanya ba, kuma in ya je me zai ci.

"Malam, ku ma fa nema kuke yi," ta ce.

Na ajiye wayar.

Na je wurin liman na tambaye shi ko akwai sauran haƙƙi a kaina, tunda kuɗin da na biya a ƙarshe ba su kai darajar waɗanda muka yi ciniki da su ba, gidan kuwa yana nan yadda yake. Ya ce ciniki ya ƙare ranar da aka shaida, abin da na ba tsohon bayan wannan kyautatawa ce. Na san haka ne. Na fito daga wurinsa yadda na shiga.

Yanzu in albashi ya zo a kan lokaci nakan ba direba wani abu ya kai wa tsohon. Wani watan ba ya zuwa a kan lokaci, wani watan kafin ya zo na riga na cinye shi a wurin mai awo. Ɗakin ma bai zauna babu kowa ba. Wata mata daga ƙauyenmu da aka kashe mijinta ta iso da yaranta, mahaifiyata ta kama hannunta ta kai ta ciki.

Kwanan baya ɗiyarsa ta kira ta ba shi wayar. Ya tambayi ruwan bana, ya tambayi yara, sannan ya tambaya ko ɗakin na nan. Na faɗa masa wadda ke ciki. Ya ce ɗiyar wa ce, na gaya masa. Ashe ya san kakanta, ya ce ya sha ɗinka masa rigar Sallah, mutum ne mai dogon hannu, sai an ƙara masa yadi.

"A bar ta ta zauna," ya ce.

Na ji ɗiyarsa na cewa katin ya kusa ƙarewa. Muka yi sallama.