Ranar da Aka Hana Mu Makara

Duk lokacin da motar asibiti ta wuce ta ƙofar gidana a Kalgo tana jiniya, jikokina gudu suke yi su je kallo. Ni kuwa sai in ajiye abin da ke hannuna. Suna cewa tsufa ne ya sa ni tsoron ƙara. Ba tsoro ba ne, haushi ne, kuma ya girmi iyayensu.

Ni 'yar Kalgo ce, 'yar masunta. A wajenmu in ƙugiya ta tsaga mutum ko maciji ya sare shi a fadama, ba a zama shawara. Duk abin da ke kusa, jirgi ne ko ƙyaure, a kai ake shimfiɗa shi a nufi hanya. Da wannan tarbiyyar aka kai ni aure wani ƙauye na ƙasar Gwandu, ana sauran 'yan shekaru Turawa su tafi. Maigidana manomi ne, mutum mai sanyin hali, mai tsokanata da cewa har yanzu ina ƙarnin kifi.

A lokacin taimakon gaggawa hawa-hawa yake. In abu ya faru, wanzami za a fara kira, ko maɗori in karaya ce. In ya fi ƙarfinsu a gaya wa mai unguwa. Daga nan sai ɗakin shan magani na Gwandu, inda malami guda yake wanke ciwo yana ba da ƙwaya. Aikin da ya kai a yanka a ɗinke kuwa sai babban asibiti a Birnin Kebbi, kuma babu abin da ke zuwa can sai babbar motar da ke kawo 'yan kasuwa ranar kasuwa, ta juya bayan azahar. Tsakanin ƙauyenmu da wannan mota, ƙafa ce da wuyan mutane.

Muna da sa da muke turkawa. Wata safiya da kaka, ranar kasuwar Gwandu, maigidana ya sunkuya zai zuba masa harawa, san ya kaɗa kai ya soke shi a ƙasan cibiya. Ina surfe na ji ya kira sunan Allah da wata murya da ban san shi da ita ba. Na tarar da shi zaune, ya tallafe ciki da hannu biyu, abin da bai kamata ido ya gani ba yana leƙowa.

Wanzami ya zo, ya kife wurin da ƙaramar ƙwarya, ya ɗaure da rawani. Mutum ne mai gaskiya. Ya dubi baffan maigidana, wanda shi ne babban gida tun rasuwar surukina, ya ce: "Wanga ya hi ƙarhin askata. Ku tai da shi Gwandu yanzu, ku cim ma mota. Kuma kwance za a kai shi, kak ku lanƙwasa shi."

Sai aka shiga neman abin ɗauka. Ƙofofinmu asabari ne. Gadonmu na kara ne, ana ɗagawa ya wargaje. Abu guda ne a duk ƙauyen aka yi shi don ɗaukar mutum a miƙe, mai ƙarfi, mai marikai: makarar gwangwala da ke jingine a bayan masallaci. Ƙanen maigidana har ya juya zai ɗauko ta, baffa ya daka masa tsawa.

"Kai, tsaya nan! Ba mu aza rayayye bisa makara. Hwata kaka yi mai?"

Amarya ba ta magana a gaban surukai, balle a taron maza. Na sani sarai. Amma na ji bakina yana cewa: "Baba, don Allah ku bari a ɗauko ta. Icce ne kawai. Garinmu ko bisa mi aza mutum akai."

"Nan ba garinku na ba," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Shiga ciki."

Aka tura a tambayi liman, aka tarar ya tafi gona. Aka bi shi. Da ya iso ya ce shi bai taɓa ganin inda littafi ya hana ba. Baffa ya ce littafi daban, abin da aka gada daban, shi ba zai bari a ratsa gari da ɗan ɗan'uwansa kamar gawa ba alhali uwarsa na kallo. Ita kuwa uwar, surukata, kuka kawai take yi, ta kasa cewa a ɗauko, ta kasa cewa a bari. Ba mugunta ce ta sa baffa haka ba, yana son yaron nan kamar ransa. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Ana ta ka-ce-na-ce, inuwa tana ta gajarta.

A ƙarshe aka ɗora shi a jaki, abin da wanzami ya hana. Ƙanensa ya hau bayansa ya rungume shi. Na yafa zane na bi su da goran ruwa, babu wanda ya sami sukunin korata. Duk takun jakin sai maigidana ya cije leɓe, rawanin yana ƙara jiƙewa. Tafiya kaɗan a sauke shi a gindin itace ya huta. A wani wurin hutun ya dube ni, ya yi ƙoƙarin murmushi, ya ce: "'Yar masunta, yau kin yi wa baffa tsiwa." Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini.

Mun shiga Gwandu ana kiran la'asar. Malamin ɗakin magani ya kwance rawanin, ya duba, ya mayar a hankali. Ya ce wannan aikin Birnin Kebbi ne. Aka ruga bakin kasuwa. Sawun tayar motar na nan a kan rairayi, ko kaji ba su tattake shi ba. Malamin ya yi masa allurar rage zafi, ya ba mu tabarma a baranda. Kafin rana ta faɗi maigidana ya cika, kansa a cinyar ƙanensa.

Baffa, wanda ya biyo mu Gwandu, ya ce a gida za a rufe shi, kusa da ubansa, ya tura a sanar. Da gari ya waye sai ga samarin ƙauyenmu sun iso, ƙafafunsu duk raɓa, suna haki, ɗauke da makarar nan ta bayan masallaci. Babu wanda ya nemi liman, babu wanda ya yi gardama. Suka shimfiɗa shi a miƙe, kamar yadda wanzami ya ce, suka saɓa a kafaɗa. Ina biye da su ina sassarfa don kada su bar ni. Hanyar da ta cinye mana wuni guda jiya, kafin hantsi ya dubi ludayi mun gama ta.