Tumakin da Inna Ta Bar Mini

Yau da safe ina dama wa tumaki dusa, warin kanwa ya bugi hancina, sai na tuna shekara guda ke nan da rasuwar mahaifiyata.

Inna ba ta shan kokonta sai tumakin nan sun ci, ko da zai huce. Takan ce, “Ni ina da bakin faɗin yunwa. Su fa?”

Tana kwance ba ta iya tashi farar tunkiyarta ta haifi tagwaye. Wani mutum daga Kwangila ya zo ya taya uwar da ’ya’yan, yayana ya ce a sayar a huta da neman harawa. Inna ta sa na kawo mata su kan tabarma, ta shafa su. Ta ce, “Ladidi, kada ki yarda. In na tafi, su za su riƙa yi miki magana a gidan nan.”

Ban yarda ba. Yanzu kowa ya kama gabansa, daga ni sai kukansu.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka makwancinki, kada ya bar ki da kewa irin tawa.