Tashar Jirgi a Kan Daɓen Yayata

Yayata tana da daɓe a gidan aurenta na Dangora wanda duk unguwar ta san da shi. Shekarar da ta tare ta gayyato matan maƙwabta, suka zuba marmara, suka wuni suna dukanta da madaɓi, aka bi da ruwan makuba har wurin ya yi baƙi yana sheƙi. A kansa take shanya tumatir. Idan rani ya yi, tumatirin lambu ya yi araha har ana zubarwa, sai ta saya kwando-kwando, ta yanka, ta baza. Kauɗar kowa a garin tana da yashi, domin a ƙasa ake shanya ta ko a bakin hanya. Tata ba ta da shi. Akwai wata hajiya mai sarin kayan miya da ke zuwa daga Kano kowace shekara. Ba ta tambayar komai, sai ta ɗauki ɗaya ta tauna. In haƙorinta bai ji ƙasa ba, ta sa a cika buhu. Da wannan kauɗar yayata take tufatar da 'ya'yanta, kuma da ita take rufa wa gidan asiri a watannin da albashi ya yi jinkiri.

Mijinta ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne. Haka yake faɗa, kuma gaskiya ne, sai dai ba ya ƙarasa bayanin. Aikinsa shi ne fitilun sigina. Sigina doguwar sanda ce ta ƙarfe a gefen layin dogo, da hannu ja a samanta. In hannun ya miƙe, direba ya tsaya. In ya sunkuya, ya wuce. A bayan hannun akwai fitilar kananzir da ke haska gilashi ja ko kore. Shi ne mai hawa tsani ya goge gilashin, ya datse lagwani, ya zuba mai. Libar da ake ja hannun ya motsa tana can wurin wani, kuma duk tsawon aikinsa ba a taɓa ba shi izinin taɓa ta ba.

A ƙarshen shekarun tamanin jirage suka ja baya, aka rage ma'aikata, har da shi. Ni ina aiki a Kano a lokacin, ina zuwa musu ƙarshen mako jefi-jefi. Wasu da aka sallama tare da shi sun koma gona, wani ya buɗe teburin shayi. Shi ya zauna a zaure da almakashi da gwangwanayen madara, yana ƙera 'yan ƙananan siginoni.

Ba zan rage masa komai ba a kan aikin hannunsa. Ya je tasha da igiya ya auna sigina ta gaske, tun daga gindi har tsinin kanta, ya dawo ya rage kowane sashe daidai wa daida, har ta koma tsawon kamu ɗaya. Sandar ya yi ta da wayar ƙafar keke. Tsanin kuwa, kowane mataki sai da ya liƙa shi da dalma. Ya goga fasasshiyar kwalba koriya a kan dutse har ta zama kamar ƙwayar wake, ya samo ja daga fitilar bayan wani mataccen babur, ya sa ƙwan tocila a baya. Ya ja siririyar waya zuwa wata 'yar liba da ya ƙera da cokali. In ya ja, hannun ya sunkuya a hankali, ya ɗan yi rawa kafin ya tsaya, kamar yadda na gaske ke yi. Wannan rawar kaɗai ta ci masa makonni. A duk tsawon lokacin nan ƙyauren ɗakin yayata yana rataye da hinji ɗaya, sai an ɗaga shi da kafaɗa yake rufuwa.

Da siginonin suka yi yawa, ya ce suna bukatar layi, layi kuma yana bukatar wuri sumul da ba tudu ba kwari. Wuri ɗaya ne haka a gidan. Damina ce, ba a shanya, sai ya ce aron kusurwa ɗaya zai yi. Ya kawo ƙusoshi ya kafe layinsa a cikin daɓen. Ranar da na ga ramukan na dubi yayata, ta kawar da kai.

Jirgin nasa abin kunya ne: gwangwanin kifi da marafan kwalba, da hannu ake tura shi. Bai damu ba. Shi ba jirgin ne a gabansa ba, ikon tsayar da jirgin ne. Ya kafa doka cewa in hannun sigina yana miƙe, ba mai tsallaka layi, kuma layin ya bi ta tsakanin madafa da randa. Na sha ganin yayata tsaye da tukunya a hannu tana jiran mutumin da ke zaune a kan kujera 'yar tsuguno ya ja cokali. Da la'asar kuma sai ya aiko a ce mata su shiga ɗaki, baƙi za su shigo. Baƙin su ne abokan zamansa na bakin tasha, dattawa da furfurarsu, su tsuguna a tsakar gidan mutane suna kiransa Tasha Masta, shi kuma yana amsawa.

Tsakanina da shi akwai wasa irin na miji da ƙanwar mata, don haka ni kaɗai ke iya faɗa masa abin da na ga dama. Na tambaye shi yaushe jirgin kaya zai iso, ko ya taho mana da gero.

"'Yar birni," in ji shi, bai ko ɗago ba, "ku rediyo kuka sani. Wannan ilimi ne."

"Ilimi ne, Yaya. Shi ya sa na ga har kaji sun daina ƙetarawa."

Kaji ba su daina ba. Su kaɗai ne a gidan ba su taɓa bin dokar ba.

Rani ya zo, aron bai ƙare ba, tashar tasa ta kan daɓen ma ta ƙara faɗi. Yayata ta shimfiɗa buhuna a bayan gida ta yi shanyarta a can, iska tana watsa mata ƙasa. Da hajiyar Kano ta zo, ta tauna ɗaya, ta juya ta tofar. Ta ce, "'Yar nan, bana me ya same ki?" Ba ta jira amsa ba. Ta ɗauki kaɗan don kunya, ta ce nan gaba za ta sake leƙowa sau ɗaya, in haka ne kuma ta san inda za ta nufa.

Yayata ta kai maganar gaban mahaifinmu a Kiru. Ya saurare ta, sa'an nan ya ce mutumin da ya rasa aiki ana lallaɓa shi, kuma gara wannan da a ce caca yake yi. An daɗe ana auna mazan garinmu da wannan ma'auni, kuma kusan kowa yana tsallakewa. Abin da ta samu bayan doguwar magana shi ne rabin daɓenta. Mijin ya ja layi da alli, ya nuna mata iyakarta, yana yi kamar wanda ya yi kyauta.

Shekarar da ta biyo baya ta cika rabin nan da tumatirin ƙarshen rani, wanda ya fi kowanne ja. Ina gidan ranar da abin ya faru. Shanyar ta yi rabin bushewa, lokacin da ruwa ya fi yi mata illa. Bayan azahar gabas ta haɗe, iska ta juya, irin ruwan farko da ke zuwa ba sallama. Tamfol ɗaya ne a gidan, kuma nata ne, da kuɗin kauɗa ta saye shi. Muka ruga ɗakin ajiya ni da ita, ba ya nan. Da muka fito muka same shi a kan tasha. Mijin ya riga ya lulluɓe ta, ya danne gefuna da duwatsu, yana tsaye a kan gefe ɗaya da ƙafafunsa biyu.

"Malam, tumatirin," in ji ta.

"Fentin bai gama kamawa ba," ya ce. "Tumatir baɗi ma akwai."

Muka kwashe abin da za mu iya da faranti da zani. Ruwan bai daɗe ba, amma ya isa. Kafin kwana biyu abin da ya jiƙe ya yi baƙi ya yi fumfuna, aka zuba wa awaki, su ma suka shinshina suka bar shi. Siginoni kuwa ko ɗigo bai taɓa su ba. Ya ɗaga tamfol ɗin ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya sanar da mu cewa duk suna aiki.

Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma koma Kiru ba. Ta jira har aka kira tsofaffin ma'aikata Kano don tantance 'yan fansho, tafiyar da ta san za ta kwanar da shi. Tun kafin ya kai bakin titi ta aika gida-gida cewa gobe akwai daɓe. Ta aiko mini ni ma na zo.

Ita da kanta ta cire kayan. Ban taɓa ganin ta yi wa wani abu a hankali haka ba. Ta zare kowace ƙusa, ta naɗe kowace waya, ta jera siginonin a kan gadonsa, ko matakin tsani ɗaya bai karye ba. Ta ce ba za ta ba shi abin da zai kai ƙara da shi ba. Washegari mata suka cika gidan, aka farfasa tsohon daɓen, aka zuba sabuwar marmara, aka ɗora tukunyar dambu. Madaɓai suka fara sauka tare, ana waƙa, ana jin dukan har tasha.

A cikin wannan ya dawo. Ranar daɓe ba ranar maza ba ce. Gidan cike yake da matan mutane, sun ɗaure zani a ƙirji, kuma ko mai gida ba ya shiga. Ya kuma san sauran: daɓen da matan unguwa suka zuba wa guminsu, wanda ya kafa masa ƙusa ba da matarsa kaɗai zai yi magana ba, har da matar liman da uwar mai unguwa.

Sigina ɗaya yayata ta bari a waje. Ta soke ta a ƙasa a bakin ƙofar da ke shiga tsakar gida daga zaure, hannun a miƙe. Ni aka aika in kai masa ruwa. Na same shi tsugune a gabanta da jakarsa a hammata, yana kallo. Na ɗauka zai tambayi sauran kayansa, ko ya tambayi abin da ya jawo haka. Ya karɓi kofin, ya sha, ya nuna ta da haɓa.

"Wa ya kafa wannan?"

Na ce matar gidan.

"To ki gaya mata ba a dama ake kafawa ba. A hagun direba take tsayawa."

Na koma na gaya mata kamar yadda ya faɗa. Ta ce in je in mayar masa da ita hagun. Na mayar. Ya zauna a zauren har magariba, sai da mace ta ƙarshe ta fita.

Tashar ba ta sake sauka ƙasa ba. Ya kafa katako a bangon zaure ya jera siginonin a kai, abokansa suka ci gaba da zuwa, suka ci gaba da kiransa da sunan da ba a taɓa ba shi a wurin aiki ba. Da rani ya kewayo hajiyar Kano ta leƙo, kamar yadda ta ce. Ta ɗauki kauɗa ɗaya daga kan sabon daɓen, ta tauna, ta haɗiye, ta ce a kawo buhuna. Ƙyauren ɗakin kuwa wani kafinta daga garin Ƙofa ne ya gyara shi daga baya, yayata ce ta kira shi.