Maganin da Na Ɓoye wa Ƙanena

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da na je Wamakko da ƙarya a bakina ba, na dawo ina dariya da hawaye.

Ƙanena baduku ne, yana ɗinkin takalma a wani ɗan shago a Ƙofar Dundaye. Tun yana saurayi ya kamu da ciwon ƙwaƙwalwa mai fuska biyu: ya riƙa jin muryoyin da babu mai jinsu, sannan wani lokaci murna ta yi masa yawa har ya kasa barci, wani lokaci baƙin ciki ya rufe shi a ɗaki. Da aka ɗora shi a kan magani ya samu lafiya sarai. Shekara uku yana aikinsa, yana tsokanar Inna, har ya ga yarinya a Wamakko ya ce yana so.

A nan na yi wautata. Kowa ya san kafin a ba mutum mata sai an yi bincike a unguwarsu. Na ji tsoron a ce an gan shi a layin asibiti. Na ja shi gefe na ce, "Kai, ka warke. Bar ƙwayoyin nan kada su ɓata maka aure."

Ya ce, "Yaya, likita fa ya ce kada in bari."

Na ce, "Likita zai ba ka mata?" Na karɓe ledar maganin na jefa cikin akwatina. Ya bar mini ita, don bai saba yi mini musu ba.

Wata na farko ya yi fes, nauyin jikin da maganin ke sa shi ya tafi, ni kuwa ina ta yabon kaina. A wata na biyu surutu ya ƙaru, barci ya ragu. Na ce zumuɗin ango ne. Sai ranar da za mu je sa rana, da safe ya ƙi fitowa, ya ce rediyon maƙwabta da shi yake magana. Inna ta dube ni ta ce, "Ina maganin yaron ga?" Na ɗauko ledar daga akwatina na miƙa mata.

Kawu ya wuce da shi asibiti, ni aka tura Wamakko in nemi a ɗaga rana. A hanya na shirya cewa zazzaɓi ne. Na tarar da mahaifin yarinyar, wani dattijo manomin shinkafa, yana gyaran fartanya a zaure. Na durƙusa na gaishe shi na zuba ƙaryata.

Ya ajiye fartanyar ya ce, "Wane zazzaɓi? Ko dai ya bar shan maganinai?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba, ashe kun sani?"

"Mi ne ban sani ba? Ranar da ya fara zuwa gidan ga ya hiddo katin asibiti ya gwada min. Ɗiyata ma ta sani. Don wagga gaskiya tasa na ba shi. Wa ya hana shi sha?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To kai ya kamata a bincika, ba shi ba! Tashi ka tai ka kula da surukina. Ɗiya tana nan, babu inda za ta."

Wata huɗu ƙanena ya ɗauka kafin ya dawo daidai, kuma ni nake kai shi asibiti a babur, ina zama a layin nan da na ji kunyarsa. Na tambayi likita ko mai irin wannan ciwo zai iya zama lafiya babu magani. Ya ce akwai wanda ake rage wa a hankali ana lura da shi, amma yawanci idan aka yanke ciwon dawowa yake yi, kuma wannan ba hukuncin yaya ba ne.

Da na nemi gafarar ƙanena, ya ce, "Na yafe, Yaya, amma kai za ka ɗauko lefe a ka." Aka ɗaura aure bayan girbi, muka ci tuwon shinkafa har muka kasa tashi. Yau 'ya'yansu biyu, matarsa ce ke miƙo masa ƙwaya da ruwa kullum.

Na koyi cewa ba magani ne abin kunya ba. Kunyar da na ji ita ce ta kusa raba ƙanena da lafiyarsa da matarsa, gaskiyar da ya faɗa kuwa ita ta riƙe masa su duka biyu.