Littafin Baƙin Baba Mai Makulli

Salamu alaikum 'yan uwa da ƙawayen arziki. Na ga saƙonninku, masu cewa ko wayata aka sace, da masu cewa ko miji na samu ya hana ni hawa intanet. Ba ko ɗaya. Kwana tara ke nan ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Yau dai na ce sai na rubuta, don akwai abin da na ɓoye muku.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Mai Makulli ya rasu ranar Talata, sha bakwai ga watan Nuwamba, da hantsi, a asibitin da ake keɓe masu korona. Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon da ke kula da Dogon Gida, tsohon benen nan na tsakiyar unguwarmu da baƙi ke zuwa daga ƙasashe su hau samansa su yi hoto. Shekara talatin da takwas makullin yana rataye a wuyansa. Shagon Mamata na kayan tsaraba yana kallon ƙofarsa, a gabansa na yi rarrafe.

Baba, ni ce, 'Yar Waya, sunan da ka sa min har ya bi ni.

Na tuna lokacin da lungunmu ba wurin sa ƙafa. Ka iya gaisuwa da yare tara, ba wanda ka iya daidai, baƙi su yi ta dariya kai ma kana taya su. Matakala saba'in da huɗu, ka san wacce ke ƙara, ka san inda mai ƙiba zai tsaya ya huta, sai ka tsaya a nan ka fara ba da labari don kada ya ji kunya. Kuma ba mai fita sai ya sa hannu a babban littafin nan na bakin ƙofa. Ran nan na ce kai ma ka rubuta sunanka mana, ka ce, “Ni ba baƙo ba ne.”

Sai annoba ta zo. Motocin baƙi suka ɗauke kamar ruwan sama. Mai hoto ya sayar da kyamararsa, tela ya koma ɗinkin takunkumi, kayan shagon Mama suka yi ta shan ƙura. Kyanwoyi har barci suke a tsakiyar hanya. Amma kai kullum da safe sai ka buɗe, ka share tun daga sama har ƙasa, duk Alhamis kuma ka ɗauko kwalbar mai da gashin kaza ka shafa wa ƙarafan ƙofar. Na leƙo ta taga na ce, “Baba, wa kake buɗe wa?” Ka ce, “Ƙofar da aka bari a rufe fushi take yi. Ran da kika neme ta sai ta ƙi ki.”

Da aka sassauta kulle, takarda ta zo daga ofishin da ke kula da gidan, wai tunda ba masu zuwa za a garƙame shi, kai kuma ka je ka huta. Ba ka yi wa kowa kuka ba. Shagonmu ka zo ka ce, “Ke 'Yar Waya, kin taɓa hawa sama?” Wallahi shekarata ashirin da uku ban taɓa ba. Mama ma haka. Duk unguwar mun ɗauka gidan na baƙi ne. Haka ka dinga kwasarmu uku-uku. Mai wanki tana leƙawa daga sama ta hango zanen da ya ɓace mata tun bara a kan rufin maƙwabta, mun yi dariya har da riƙe ciki. Tela kuwa da ya hango maƙabarta sai ya ƙura mata ido, ka bar shi ya gama kallonsa. Littafi ya cika da sunayenmu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa.

Daga nan ne na shigo da nawa. Na ce bari in ɗauke ka bidiyo. Ka ce kai ba ɗan wasa ba ne. Na yi ta naci har ka yarda. 'Yan uwa, da yawanku a nan kuka san Baba. Bidiyon ya yi yawo, mutanen gari suka fara zuwa, kafin ƙarshen Oktoba layi har kwanar mai shayi. Maganar rufe gida ta mutu. Shagon Mama ya farfaɗo, mai hoto ya aro kyamara. Ana ta sa min albarka, ni kuma kaina ya kumbura.

Ga abin da ban faɗa ba. Matakalar nan matsattsiya ce, ba taga. Na baya ba sa jin muryarka, sai ka riƙa sauke takunkumi zuwa haɓa. Na gani. Yana cikin bidiyoyina, har ana jin dariyata. Ban taɓa cewa Baba mayar ba, don hoton ya fi kyau idan ana ganin murmushinka. Sai tari, sai zazzaɓi, sai mota ta zo ta ɗauke ka. Ba a bari mun gan ka ba, ba a kawo ka gida ba. Mutumin da ya raka dubbai har sama, mutum goma ne aka yarda su raka shi.

Na kasa zuwa gaisuwa. Gidanku taku ashirin ne daga namu, na koma zagayawa ta bayan layi. Da wane ido zan kalli Inna, matarka, alhali ni na jawo maka taron?

Jiya da safe ta aiko a kira ni. Na tsugunna daga bakin ƙofa. Ta ce, “Kowa ya zo ban da 'yar gidansa.” Na fashe da kuka na faɗa mata komai, har zancen takunkumin. Can ta ce, “Ban san inda ya ɗauka ba, ko matakala, ko kasuwa. Ke ma ba ki sani ba, 'yar nan. Abin da na sani, watannin kulle haka zai dawo ya tura kwano gefe. Bayan bidiyonki kuwa yana shigowa murya a dashe, ya cinye nasa ya leƙa nawa.” Sai ta miƙo min makullin da kwalbar mai. Ta ce, “Kafin ofis su aiko a karɓa. Gobe Alhamis.”

Baba, yau na buɗe. Ƙofar ta ɗan yi gardama, na shafa mata mai yadda kake yi. Littafin yana nan, biro a tsakiya. Na duba shafi-shafi, sunan duniya duk yana ciki ban da naka. Ka yafe min, na rubuta. Na sa ranar da ka karɓi makulli kamar yadda Inna ta faɗa min, na sa ranar da ka tafi. Rubutuna ba kyau, hawaye ma ya ɗan ɓata shi.

Allah ya jiƙanka, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya buɗe maka ƙofar rahama yadda ka buɗe wa bayinsa ba ka gaji ba. Allah ya ba Inna da 'ya'ya da jikoki haƙuri, da mu 'yan unguwa da ka bari da maraici.

Duk wanda ya taɓa hawa matakalar nan a bayansa, don Allah ya rubuto min a ƙasa abin da Baba ya ce masa. Inna ba ta da waya. Na yi mata alkawarin zan je in karanta mata ɗaya bayan ɗaya.