Taurari Uku na Baba

A ɗakin jiran likitan haƙori nake zaune, ga wani mutum a kujerar da ke gabana. Farar rigarsa ta sha guga, turarensa har ya danne warin magani. 'Yarsa, wadda ba za ta wuce shekara biyar ba, tana wasan ƙirga a wayarsa, tana jan ƙwallaye tana zubawa a kwando. Ta zuba huɗu maimakon biyar, wayar ta yi ƙara, ta ƙyalƙyale da dariya za ta sake gwadawa.

Sai ya fizge wayar. "Kawo nan, za ki ɓata mana maki!"

Yanzu ga ƙato da furfura a gemu yana ƙirga ƙwallaye, har da cije leɓe. Taurari uku na cikakken maki suka fito. Ya kai wayar bakinsa yana aika saƙo: "Malama, ga aikin ɗalibarki na yau, ko kuskure ɗaya babu." Ko kunya! Na tabbata a gida ma shi ke yi mata zane, ya manna a bango, ya kira baƙi su yaba.

Yarinyar ta sulale ƙasa ta cire takalmanta. Ɗaya ya zama likita, ɗaya mai ciwon haƙori, tana lallashinsa ya buɗe baki.

"Tashi, za ki yi datti! Ke ba ki da aiki sai wasa?"

Ta koma kujera ta naɗe hannu tana kallon bango. Shi kuma ya shiga mataki na gaba a wasan ƙirgar.